Kafin ku ɗora wa injin yanka kwali laifi

Duk yaron da ya shigo sana'ar firam, ranar da tagar paspartu, wato kwalin da ake yanke wa tsakiya a ɗora kan hoto a cikin firam, ta fito masa a karkace magana ɗaya yake yi, wai injin ne ya lalace. Ni ma haka na riƙa faɗa shekarun farko a nan Garwa, har na kwance notunan da babu ruwansu, na ɗaure waɗanda ya kamata a bari, na mai da injin da yake da lafiya marar lafiya. Ƙannena, kwalin da ya ɓaci yana ɗauke da bayanin abin da ya ɓata shi. Kada ku jefar da shi cikin fushi. Ku ɗaga shi a haske, ku duba kusurwoyin nan huɗu da bakin yankan, sannan ku fara bincike daga abu mafi araha: reza, sai kwalin shimfiɗa, sai zurfin reza, sai shi kansa kwalin da kuke yankawa. Injin shi ne na ƙarshe.

Reza ita ce ta fi cin mini kwali, kuma rowa ce ta jawo. Ina da uzuri, don ba a kowane shago ake samun irin wadda ta dace da injin ba, sai an yi saƙo Duwala ko Yawunde, ko wani mai zuwa Kano ya taho da ita. Saboda haka nakan ja reza ɗaya har ta gaji, wani lokaci ma in goga ta a dutsen wasa wuƙa. Wasawar nan ba ta gyara komai, tana ƙara karkatar da baki ne. Alamar reza da ta dakushe ba ta ɓuya: bakin yankan yakan fito da gashi-gashi, takardar saman kwalin ta ɗan tattare ko ta yage a kusurwa, kuma hannunka zai ji kana turawa da ƙarfi fiye da jiya. Ku kwatanta kuɗin reza ɗaya da kuɗin fallen kwali guda mai santimita 80 da 120 wanda ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya sake hawa mota zuwa nan. Araha ba ta ado. In aikin mai daraja ne, kamar takardar digiri ko hoton da Alhaji ya ɗauko a Makka wanda ba shi da na biyu, sabuwar reza nake sawa ba tare da shawara da kowa ba.

Ƙarƙashin kwalin da ake yankawa dole a shimfiɗa wani guntun kwali irinsa. Na taɓa amfani da katon ɗin sabulu, mai ramuka a ciki, na kuma gwada falankin katako. Katon ba ya tallafe bakin yanka, katako kuma yana kashe tsinin reza nan take. Ko da kwalin kirki ka shimfiɗa, in ka bar shi wuri ɗaya reza za ta haƙa masa hanya, daga nan duk yankan da ka yi sai ta faɗa tsohuwar hanyar ta bi ta, ko da layinka yana gefe. Matsar da shi kaɗan bayan kowane yanka, in ya cika da zane ka canza.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku natsu, wato zurfin reza. Kwalin paspartu na yau da kullum kaurinsa wajen milimita ɗaya da rabi ne, reza kuma tana shigarsa a kwance, kan digiri 45. Abin da ake so shi ne ta ratsa kwalin ta ɗan karci na shimfiɗa, shi ke nan. A da ina ganin in na fito da ita sosai yankan zai fi tabbata. Ashe siririn ƙarfe in ya yi tsawo lanƙwasa yake yi. Shi ya sa ake ganin farkon yankan ya yi ƙugiya, ya ɗan baje kusa da kusurwa sannan ya miƙe. Na daɗe ina zargin sandar injin, wadda mariƙin reza ke gudu a kanta, da wannan ƙugiyar, alhali maganinta juya noti ɗaya ne a mai da reza ciki. Akwai kuma yadda ake shigar da ita. Wanda ya caka ta da gaggawa zai ga ƙugiya ko da zurfin daidai yake. A hankali ake nutsar da ita har ta zauna, sannan a ja da gudu ɗaya ba tsayawa a hanya, domin duk inda ka tsaya sai ya bar tabo.

Ta bayansa ake yanka kwali, fuskarsa tana ƙasa. Tunda bakin a kwance yake, tagar ta fi faɗi a fuska fiye da a baya, da kimanin kaurin kwalin a kowane gefe. Wannan ne dalilin da ya sa dole reza ta fara kaɗan kafin layin fensir, ta kuma wuce shi kaɗan a ƙarshe. Ganin yanka ya gitta a bayan kwali ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka juya fuska ka ga layuka biyu sun tsallake kusurwa sun yi alamar giciye. In haka ta faru, ko dai ka wuce da yawa, ko rezar ta yi zurfi. In kuma tsakiyar ta ƙi faɗowa, ta maƙale a kusurwa, to ba ka kai ba. Kada ka ja ta da hannu. Na yage kusurwoyi masu yawa da wannan ja, kuma kusurwar da ta yage ba ta ɗinkuwa. Juya kwalin, ɗauki reza a hannu, kwantar da ita kan gangaren bakin, ka ƙarasa a hankali. Abin da mutane ke mantawa shi ne saitin da ya yi daidai a kwali mai milimita ɗaya da rabi ba zai yi a mai milimita 3 ba. Ka canza kwali, ka sake gwaji a guntu.

Wani lokaci yankan yana da tsabta, amma gefen dama ya fi na hagu faɗi, ko tagar ta ɗan jirkice. A nan sai a tambayi kwalin. Kada ku ɗauka fallen da ya fito daga kamfani kusurwarsa daidai take, balle wanda ya sha ɗauri da igiya a bayan mota. Injin yana auna faɗin gefe ne daga bakin kwali, don haka in bakin a karkace yake, tagar ma haka za ta bi. Sa sukwaya, wato ma'aunin kusurwa na kafintoci, a kusurwa. In ba ka yarda da sukwayar ba, auna santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, tsakaninsu dole ya ba ka 50 cif. Ko ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu, su zo ɗaya. Magina sun san wannan tun kafin a haife mu, mu ne masu firam muke ganin mun fi ƙarfinsa.

Sai maganar awo, wadda ta fi damun mu na wannan yanki. Injuna da yawa da ke shigowa ta Najeriya, ko na Amurka irin su Logan, da inci aka rubuta ma'auninsu, mu kuma hotunanmu da firam ɗinmu duk da santimita ne: 13 da 18, 20 da 30, 30 da 40. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Ni a ka nakan ce biyu da rabi, in wuce. A gefe mai inci 3 kuskuren ya riga ya haura milimita ɗaya, kuma ido yana ganin milimita ɗaya a kan farin kwali. Rula ɗaya ta ƙarfe za ka riƙe daga farkon aiki zuwa ƙarshensa, ka fere fensir sosai. Ga misali da takardar da za ta fi zuwa muku, mai girman A4, santimita 21 da 29.7. Kwali zai hau kanta da milimita 3 a kowane gefe don kada ta faɗo, tagar ta zama 20.4 da 29.1. In firam ɗin 30 da 40 ne, hagu da dama za su ɗauki 4.8 kowanne, sama da ƙasa su raba 10.9. Ni nakan ba sama 5, ƙasa 5.9, domin in ka raba daidai ido yakan ga kamar takardar ta zamo ƙasa. Rubuta lissafin a bayan kwalin kafin ka taɓa reza.

Yanayin garinmu ma yana da hannu. Da hunturu ƙura takan shiga sandar da kan injin, wato mariƙin reza, ke gudu a kai, sai ka ji yana tafiya yana cijewa. Na zuba masa baƙin man mota ina ganin taimako ne, ƙura ta haɗu da mai ta zama kwaɓa, har ta ɗiga a kan farin kwalin wani bawan Allah da ya kawo Ayatul Kursiyyu a sa masa. Tsumma mai tsabta da ɗan alkol ya wadatar, sannan a rufe injin da zane in an tashi. Da damina kuma, musamman mu da ke kusa da Binuwai, kwali yakan sha danshi ya yi doro, ya yi taushi, reza ta riƙa jan sa maimakon yanka shi. A kwance ake ajiye kwali, a kan katako, nesa da siminti. Jingina shi da bango da nake yi don tsimin wuri ya lalata mini fiye da abin da ɓera ya ci. Kuma ku bar kamar milimita 2 tsakanin kwali da cikin firam, don wanda aka matse a watan Maris zai kumbura a Agusta ya tura gilashi.

In duk waɗannan sun wuce kuma matsalar tana nan, to yanzu ne za a duba injin. Fara da teburin da yake kai. Tebur mai doro ko rami a tsakiya yana lanƙwasa gindin injin, sai dogon yanka ya fito kamar baka. Danna hannun sandar da ƙarfi ma yana iya ɗaga tsakiyarta, kwalin ya zame a ƙasa. Kama kan injin ka girgiza shi: in yana rawa a kan sanda, ɗaure notin saitinsa kaɗan kaɗan har rawar ta tafi amma yana gudu ba cijewa. Don gwada ma'aunin gefe, wato wanda ake jingina bakin kwali da shi a injin, yanko dogon zare na kwali mai faɗin santimita 5, ka raba shi biyu, ka ɗora ƙarshen nan kan wancan. In ɗaya ya fi faɗi, ma'aunin ba ya tafiya daidai da sanda, sai a sassauta shi a daidaita.

Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka yanka guntu, ka duba, sannan ka taɓa na gaba. Ranar da na canza reza, na juya zurfi, na kuma ɗaure sanda duk a zama ɗaya, yankan ya gyaru amma ban san wanne ne ya gyara shi ba, da matsalar ta dawo sai na koma farko. Guntun gwajin da ya fito daidai, rubuta kaurin kwalin da saitin a bayansa, ka huda shi ka rataye a ƙusa kusa da injin, don yaron shago ya samu abin dubawa ranar da ba ka nan.