Daren da muka sauke Bukhari

Alhamdu lillahi, jiya bayan Isha'i muka sauke Sahihul Bukhari a zauren Malam. Shekara huɗu ina zuwa, wata rana da ƙurar kasuwa a jikina. Da mai jan baƙi ya kai hadisin ƙarshe, na kalmomi biyu masu sauƙi a harshe masu nauyi a mizani, wallahi sai da na yi hawaye.

A zauren nan na gyara alwalata, a nan na san hakkin maƙwabci. Ina jin karatu a waya, amma waya ba ta taɓa tsayar da ni ta ce in maimaita ba. Malam kuwa yana yi.

Asabar za mu koma kan hadisin niyya. Mai zuwa ya taho da tabarmarsa, zauren cika yake yi.