Yaɓen Soro da Kiwon Tattabaru a Makon Ƙarshe na Bazara

A ƙauyukanmu na tsakanin Taura da Ringim akwai wani mako a kowace shekara wanda ba a rubuta shi a kalanda ba, amma babu magidancin da ba ya gane shi idan ya zo. Shi ne makon da iska take juyawa ta fara kaɗowa da ɗan danshi, hadari kuma ya riƙa haɗowa daga gabas da la'asar yana watsewa ba tare da ya zubar da komai ba sai guguwa da ƙura. Yawanci yana faɗowa ne a ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni. Duk aikin da mutum ya yi ta ɗagawa tun bayan girbi yana cewa akwai sauran lokaci, a wannan makon ne yake neman a yi shi: soron da zafin bazara ya tsattsaga, indararon da ya karkace, takin da yake jibge a bakin turke ba a kai gona ba, da sharar gonar kanta.

Ni malamin firamare ne, kuma wannan lokacin yana samun mu a tsakiyar zango na uku, ga tsara darasi, ga duba takardun gwaji, don haka daga safe zuwa bayan azahar ba ni da iko da kaina daga Litinin har Juma'a. A shekarun nan kuma Babbar Sallah ta zo ta zauna a kan wannan gaɓar, domin a 2024 an yi ta ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, tun da shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Saboda haka ragon da ke ɗaure a turke shi ma yana da haƙƙinsa na harawa da dusa da ruwa safe da yamma, a daidai lokacin da harawa ta fi kowane lokaci tsada. A kan wannan duka ina kiwon tattabaru, ba don sayarwa ba, don sha'awa kawai.

Soro nake sa wa gaba da komai, kuma ban taɓa ganin dalilin yin gardama a kan haka ba. Ginin ƙasa yana daɗewa matuƙar ana kula da shi, shaida kuwa ita ce Gidan Rumfa a Kano, wanda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, amma daɗewar tasa tana rataye ne a kan gyaran da ake yi masa shekara bayan shekara. Zafin watannin Maris da Afrilu, wanda yakan haura digiri 40, yana busar da yaɓen sama har ya dare. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, to a kan soro ruwa ne yake samun wurin shiga. Idan ya bi tsagar ya sauka kan azara, ƙasar rufin za ta jiƙe ta ƙara nauyi, azarar da gara ta riga ta taɓa kuma ba za ta iya ɗauka ba. Wanda ya ga damina ta 2022, lokacin da ambaliya ta yi ɓarna a Ringim da Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa, ya san cewa a wurare da dama ba kogi ne ya shiga gidaje ba, ruwan sama ne ya yi ta sauka a kan ginin ƙasa har ya jiƙe ya zube a kan masu shi. Tun daga wannan shekarar mutanen garinmu suka rage wasa da hawa soro su duba.

Wahalar aikin ƙasa ita ce ba ya yarda da gaggawa. Ba a haƙo ƙasa da safe a yaɓa ta da yamma. Sai an kawo jar ƙasa daga kududdufi, an farfasa ta, an zuba ruwa, an watsa ramno a kai, an tattake da ƙafa, sannan a bar kwaɓin ya kwana, a dawo a ƙara ruwa a sake tattakewa, a yi ta haka na wasu kwanaki har ciyawar ta ruɓe ta haɗe da ƙasar ta yi danƙo. Kwaɓin da bai tsima ba yana bushewa ya sake tsagewa kafin ruwa na biyu. Makuba ma haka take, domin ɓawon ɗorawa sai an jiƙa shi ya saki ruwansa kafin a gauraya a shafe bango da shi. Wannan jiran ne ya koya mini yadda zan tsara makon: abin da yake buƙatar kwanaki shi ake fara taɓawa, ko da bai fi sauran matsa wa mutum a ranar ba, sauran ayyukan kuma a cusa su a tsakanin tattaki da tattaki. Don haka kwaɓin na fara, tun kafin in san ranar da magini zai samu sukunin zuwa.

Maginin da yake yi mini aiki dattijo ne, sa'an mahaifina, kuma kowace shekara sai mun yi 'yar muhawara a kan siminti. A bana na ce masa, "Baba, da za a shafe bangon gabas ɗin nan da siminti, ai da mun huta da yaɓen kowace shekara." Ya ce, "Malam, siminti ba ya kama ƙasa. Shekara biyu zai yi maka kyau, ta uku ruwa ya bi ta bayansa, ya ɓamɓaro ya tafi da rabin bangon." Gaskiyarsa ce, kuma ana ganin misalinta a kusan kowane lungu, inda shafen siminti ya kumbura ya rabu da bango, danshi ya maƙale a ciki ba shi da hanyar fita. Bangon gabas kuwa shi ya fi shan wuya domin daga can ruwa yake bugowa da iska. Abin zamani guda ɗaya da ya amince da shi shi ne shimfiɗa leda mai kauri a kan rufin kafin a ɗora sabuwar ƙasa, da sharaɗin a tura bakinta har cikin indararo, don idan aka bar ta ta tsaya a gindin rawanin soro, nan ruwa zai taru ya ci ginin ta inda ba a gani.

Ledar da indararon kwano da ƙusa da igiya duk sai a kasuwa, kasuwa kuma ba kullum take ci ba. Tamu ita ce Gujungu, ranar Lahadi. Wanda ya manta da abu ɗaya a ranar, ko dai ya jira mako guda, ko ya kama hanyar Shuwarin ranar Litinin ko Maigatari ranar Alhamis, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na acaɓa sun sa mutum ba ya yin irin wannan tafiyar a kan ƙusar dubu ɗaya. Shi ya sa a wurina mako yana farawa ne daren Asabar, lokacin da nake zagaya gida da fitila ina rubuta abin da ya lalace a bayan tsohuwar takardar gwaji. A kasuwar ma akwai jarrabawa, domin wajen masu kaji da zabi nan ake baje kejin tattabaru, kuma mai sha'awa yana iya tsayawa kallon wata fara mai gashi a ƙafa har rana ta yi tsaka bai sayi ledar da ta kawo shi ba. Dokar da na kafa wa kaina ita ce ba na leƙa wajen sai kayan gyara sun hau babur, abin da ya rage a aljihu kuma shi ne na dawa da tsaki.

Taki ya fi sauƙin bayani amma ya fi cin rai. Mai amalanken shanu a wannan makon kowa nemansa yake yi, sai an bi layi, kuma idan ya ce zai zo da hantsi, ni ina aji. Na roƙe shi ya sa ni a sahun bayan la'asar, ya yarda bisa sharaɗin in tanadi masu lodi, sai na haɗa ƙanena da babban ɗana. A gona ana sauke takin ne tuli-tuli, a bar shi sai an kusa shuka a baje, don kada iska da rana su cinye shi. Maƙwabcina ya riga ya yi bizne, ya zuba geronsa a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan farko. Ni ban bi shi ba, domin yayyafin da bai kai ya jiƙa ƙasa ba yana iya tsirar da irin sannan ya bar shi ya ƙone.

A ƙarƙashin waɗannan manyan ayyuka akwai ƙananan da ba sa jin uzuri. Kwaɓin ƙasa yana shan ruwa fiye da gida gaba ɗaya, famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu kuma ya lalace a tsakiyar makon, sai kowa ya koma rijiyar burtsatse mai aiki da sola, wadda ba ta tura ruwa sosai sai rana ta ɗaga, ma'ana layin jarkoki ya fi tsawo a daidai lokacin da yara suke makaranta. Ga kai niƙa inji, ga itace da ya kamata a shigar da shi rumfa kafin ya jiƙe, ga wankin kayan makaranta da guga da dutsen gawayi, ga kai waya shagon caji. Babu ɗaya a cikinsu da ya isa a ba da labarinsa, amma idan aka haɗa su sun fi yaɓen soro cin lokaci.

To, ina tattabaru suka samu wuri? Gaskiya sun samu ne saboda buƙatarsu ta dace da lokutan da sauran ayyuka ba sa so. Bayan sallar asuba, kafin gari ya waye sosai, babu magini, babu amalanke, babu makaranta, a nan nake buɗe musu ɗaki, in wanke kaskon ruwa in sake sabo, in watsa dawa. Ruwan ya fi abincin muhimmanci a bazara, domin tattabara tana tsoma baki ta zuƙa ne a jere, ba ta ɗaga kai kamar kaza, kuma tana son wanka, don haka kaskon ba ya daɗewa bai ƙazantu ba. Sai kuma gab da magariba, lokacin da suke dawowa, in tsaya in ƙirga su, in duba masu kwanci. Tattabara ƙwai biyu take yi, namiji da mace suna karɓa-karɓa wajen kwanci, shi da rana ita da dare, har kwana 17 zuwa 19, kuma a kwanakin farko 'yan shila ba sa cin hatsi, wani farin abu mai kauri iyayen biyu suke ɗura musu daga maƙogwaronsu. Duk wanda ya san wannan ya san ba a ɗage duba su zuwa mako mai zuwa, domin muzuru da ɓera ba sa jira, kuma ɗan shilan da ya faɗo daga tukunya da safe ba ya kai yamma a wannan zafin.

Abin da na yanke a makon shi ne kallon ƙwallo a gidan kallo da zaman dara a ƙofar gida bayan isha'i. Waɗannan ba su da rai, za su jira. Kiwon kuwa shi ma ya zo da nasa gyaran, domin tsofaffin tukwanen da na jera musu a matsayin sheƙa suna jikin bangon gabas ne, inda feshin ruwa zai same su, dole na mayar da waɗanda babu ƙwai a ciki ɓangaren yamma, na shafa wa sandunan baƙin mai saboda gara, sauran kuma na kare su da guntun ledar da ta rage daga soro.

Ana yawan tambayata abin da nake samu a kiwon, kuma na san amsar da ake so in bayar: kashinsu taki ne mai ƙarfi ga albasa da barkono, 'yan shila kuma ana yi wa mai jego ko mara lafiya farfesu da su. Duka gaskiya ne, amma ba su ne dalilina ba, kuma ina ganin akwai takura a al'adarmu ta cewa duk abin da magidanci yake yi sai ya nuna ribarsa kafin a daina yi masa kallon mai wasan yara. Mutumin da ya wuni yana magana da yara fiye da sittin a aji ɗaya, ya dawo ya tattake ƙasa, yana da haƙƙin tsayawa minti goma yana kallon abin da ba ya neman ya ce masa komai. Sai dai a nan dole in yi adalci ga uwargida. Ita sha'awarta ɗinkin hula ce, tana da hannu a zane, amma tun da aka gane haka hular ta zama sana'a, masu saye suna jiran ta kafin Sallah, kuma a makon nan girkin magini da leburori ya hau kanta bayan nata na kullum. Da na ce mata ta ajiye allurar ta huta, sai ta ce, "Malam, kai tattabarunka ba su karɓi kuɗin kowa ba." Ban sami abin cewa ba, sai dai na karɓi kai niƙa da shigar da itace na sauran makon, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne idan aka kwatanta.

Magini ya hau soro ranar Alhamis da sassafe, ya kankare ciyawar da ta bushe a kai, ya shimfiɗa leda, aka yi ta miƙa masa ƙasa a kwano ta tsani, kafin in dawo daga makaranta ya gama sama ya sauko kan bangon gabas. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka shafa makuba aka kafa sabon indararo, aka jera duwatsu a inda ruwansa zai riƙa zuba don kada ya ci gindin katanga. Rufin kwanon ɗakin girki har yanzu yana jiran kafinta, wanda ya yi alkawari bai zo ba, don haka na ɗora masa tsofaffin tayoyi da bulo saboda iska. Katangar arewa da ƙyauren zaure da ya saki na bar su sai bayan shuka, idan Allah ya kai mu, kuma na sa kayan gyaran ƙyauren a farkon takardar sayayyar Lahadi mai zuwa.