Darussan da na koya daga ɗalibaina masu lalura

Idan aka yi zancen haɗa yara masu buƙata ta musamman da sauran yara a aji ɗaya, mutane kan ɗauka wani sabon tsari ne da za a aiko mana daga Abuja. Mu da ke koyarwa a firamaren gwamnati a Daura mun san yaran nan sun daɗe a gabanmu. Akwai wadda sanƙarau ya tafi da jinta, akwai wanda shan inna ya riƙe wa ƙafa, akwai zabiya da ba ya hango allo, akwai mai farfaɗiya da iyayensa suka ɓoye mana. Makarantar Makafi tana Katsina, ta Kurame tana Malumfashi, kuma ba kowane uba ne zai iya ɗaukar ɗan shekara 7 ya kai shi makarantar kwana ya baro ba. Makarantar unguwa ita ce tasu.

Doka ma tana bayansu. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu lalura bambanci. Dokar ta ce ilimi kyauta ne gare su har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, ta kuma ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su gyara hanyar shigarsu. Tun 1994 ƙasashe 92 suka amince a Salamanca ta ƙasar Sifaniya cewa makarantar kowa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro. Amma duk wannan a bakin ƙofar aji yake tsayawa. Daga nan ciki kuwa, sai abin da malami ya yi.

Babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne, tausayi irin namu ya fi tsangwama cutar yaran nan. Uba zai kawo ɗansa ya ce, "Malam, ga shi nan, ka ga yadda Allah Ya yi shi. Ya dai riƙa zama cikin 'yan'uwansa, ya fi zaman gida." Malami kuma, da zuciya ɗaya, sai ya ɗauki maganar a haka. Ba a yi masa tambaya don kada a kunyata shi. Ba a duba littafinsa. Idan jarrabawa ta zo a ɗan sa masa maki ya wuce. Haka zai yi ta tafiya daga aji zuwa aji, kowa na sa masa albarka, har ya kai aji 6 bai iya rubuta sunansa ba. Babu wanda ya kore shi, amma babu wanda ya koya masa komai, kuma ƙarshenta bara ce ke jiransa a bakin tasha. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Alhali kuwa ba haka muka gada ba. A makarantar allo, almajiri makaho ba a rage masa ko aya ɗaya. Ana biya masa da baki, ya riƙe da ka, ya kawo hadda kamar kowa, kuma duk mun san makafin da suka zama alarammomi. Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa, neman ilimi ne ya kawo shi, daga baya ya zama ladani, har Manzon Allah (SAW) yakan bar masa riƙon Madina idan zai yi tafiya. Hanyar koyarwa ake sauyawa, karatun yana nan yadda yake.

Wata yarinya da ta shigo ajina a aji 3 ita ta sa na fahimci wannan da kyau. Tana ji kaɗan da kunne ɗaya, sauran kuma a leɓe take ɗauka. To, dubi yadda muka saba koyarwa: malami na rubutu a allo yana bayani, ya ba aji ƙeya. A wurin wannan yarinya, duk lokacin da na juya, darasi ya yanke. Idan na tsaya taga tana bayana, fuskata ta yi duhu, nan ma ya yanke. Ɗaga murya ba ya taimaka mata, don ihu yana karkata baki ya ɓata siffar kalma. Sai na tsara wa kaina: in rubuta, in juyo, sannan in yi magana. Na zaunar da ita gaba ta gefe, inda za ta gan ni ta kuma waiwayi 'yan aji, kuma duk amsar da wani ya bayar daga baya sai in maimaita ta ina fuskantarta.

Ranar da muka zo kan ɗebewa mai aro, na kawo karan dawa da na yayyanka na ɗaure goma-goma da zare. Na rubuta 32 a ɗebe 7. Na ajiye dami 3 da kara 2 a kan bencinta. Ta kalli karan nan 2, ta kalli 7 da ke allo, ta girgiza kai. Can sai ta sa haƙori ta tsinke zaren dami ɗaya, ta baje shi, ta ware 7 gefe, ta ƙirga sauran, ta rubuta 25 a littafinta ta turo mini. Yara masu ji garau da dama ba su kai nan ba a lokacin. Daga ranar na daina yarda a ce mini "ba ta ganewa." Ina ba ta aikin gida daidai da kowa, idan ta yi ganganci in maida mata ta sake.

Wadda ta fi taimaka mini a kanta 'yar maƙwabtansu ce da suka taso tare, ta san alamun hannun da suke yi a gida. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannunsu tun da daɗewa, daban da wadda ake koyarwa a makarantun kurame mai tushe daga Amurka. Na zaunar da su benci ɗaya, na koyi abin da zan iya daga wurinsu. Sai dai na kiyaye kada ƙawar ta koma mai yi mata aiki.

Shi kuma zabiyan, matsalarsa hasken rana da nisa. Gaba ya koma, nesa da taga. Muka riƙa shafe allo da gawayi don farin alli ya fito, na ƙara girman rubutuna, na ba shi izinin tasowa ya matso allo ba tare da ya tambaya ba. Na kuma daina cewa "wannan a tara da wannan". Sai in faɗi lambar da sunanta. Hedimasta ya yarda ya riƙa sa hula da riga mai dogon hannu, ya tsaya a inuwa lokacin asambuli. Waɗannan gyare-gyare ba su ci ko kwabo ba, kuma 'yan bencin baya ma sun amfana.

Yara suna kallon malami. Idan ka kira yaro da lalurarsa, gobe duk makaranta da ita za ta kira shi. Idan mai farfaɗiya ya faɗi ka ja da baya, su ma za su watse. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko taɓawa. A kawar da benci, a tallafi kansa, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko wani abu a baki; idan ta wuce minti 5 a nufi asibiti. Na koya wa ajina wannan kamar yadda nake koya musu lissafi.

Akwai inda ƙoƙarin malami shi kaɗai ba zai kai ba. Yaron da ba ya gani sam yana buƙatar rubutun makafi na Burel, mai ɗigo 6, da wanda ya iya koyar da shi. Wanda ba ya ji sam yana buƙatar malamin da ya ƙware a maganar hannu. Jefa irin wannan yaro cikin aji da ya cika maƙil ba tare da wannan ba, zalunci ne. Ana horar da irin waɗannan malamai a Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Jos. Ko da malami ɗaya aka ba makarantu 'yan kaɗan ya riƙa zagayawa, malaman Katsina da Malumfashi kuma su riƙa horar da mu lokacin hutu, da an ga canji.

Kafin a kai can, duk farkon zango nakan tambayi iyaye ɗaya bayan ɗaya ko yaro ya taɓa doguwar jinya, ko yana matso abu kusa da ido, ko sai an kira shi sau da yawa yake amsawa. Abin da na samu, da dabarar da ta yi aiki a kansa, ina rubutawa a takarda in miƙa wa malamin ajin da zai shiga, don kada shi ma ya faro daga farko.