Wai Hausa 'yar Larabci ce? Gardamar da muka yi a hanyar Potiskum

Ni dai tun ina yaro nake jin maganar nan, wai Hausa daga Larabci ta fito, wai in ka tankaɗe ta ka rairaye rabinta Larabci ne. A makarantar allo na ji, a majalisa na ji, kuma kwanaki da muka taso daga Kano za mu Maiduguri a motar haya sai ga maganar ta sake tasowa, wani dattijo a gidan gaba mai farin gemu da carbi a hannu shi ya ɗauko ta tun kafin mu wuce Wudil. Yace ai abin a fili yake, littafi, alƙalami, alƙali, Alhamis, ashirin, talatin, duk ina muka samo su? Sannan ga Bayajidda daga Bagadaza ya zo. Kowa a motar ya gyaɗa kai. Ni kuma da ba na iya riƙe bakina nace Allah gafarta Malam, to mota fa, da tebur da asibiti da likita, su ma sai mu ce Hausa 'yar Turanci ce kenan? Mutanen Maraɗi da Damagaram kuma da suke cewa lakwal da mushe, tasu Hausar 'yar Faransanci ce? Ya juyo ya kalle ni irin kallon nan na yaro bai san wuta ba sai ya taka, yace to kai ɗan boko faɗa mana.

Gaskiyar magana Malam yana da rabin gaskiya, kawai dai hujjar da ya kawo ce ba ita ba ce. Duk waɗancan kalmomi aro ne, sun shigo da addini da karatu da fatauci. Aro kuwa kamar riga ne, in ka sa rigar maƙwabcinka ba ka zama ɗansa ba. Kafin ashirin ta zo kakanninmu gomiya biyu suke cewa, kuma har yau daga ɗaya zuwa goma ba mu ari ko ɗaya daga Larabci ba. Ba ma daga Larabawa kaɗai muka ara ba, kasuwa ta hannun Barebari ta iso mana, haka sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima daga Borno suke, agogo kuma na Yarabawa ne.

Masu nazarin harsuna in suna neman dangantaka ba rigar suke dubawa ba, ƙashin jiki suke nema, wato abubuwan da harshe ba ya cika ara: ni da kai da ita, sunayen gaɓoɓin jiki, ƙananan lambobi, ci da sha da mutuwa, da yadda ake gina kalma. To a nan ne abin yake da daɗi, don in ka duba ta nan sai ka ga lallai akwai jini tsakanin Hausa da Larabci. Ka ce gidanka, gidanki, gidanku. Balarabe yace baituka, baituki, baitukum. Ka ga ka da ki da ku ɗin nan? Ba wanda ya zauna ya ari wannan a islamiyya, Bamaguje da bai taɓa buɗe Baƙi da Wasali ba haka yake faɗa. Sai "ta" ta mace, ta zo, ta tafi, Larabci ma da t yake nuna mace, taktubu. Sai "ma" da muke sawa a gaban kalma mu sami wuri ko kayan aiki, makaranta, mabuɗi, masaƙa, su kuma madrasa, miftah, maktab. Mu ce mutu, Larabawa su ce maata da maut. Suna, su ism, Yahudawa shem. Wannan gado ne daga kaka ɗaya da ta rayu shekaru dubbai kafin a san wani abu wai shi Larabci ko Hausa. Wato ba uwa da 'ya ba ne, 'yan uwa ne na nesa, irin waɗanda sai an zauna an yi ta lissafin kakanni kafin a gano inda aka haɗu.

Wannan babban gida shi ake kira Afro-Asiya, kuma ɗakuna shida aka saba lissafa masa. Akwai na su Larabci da Ibrananci da Amharik na Habasha, akwai na Berber inda Tamashek ɗin Buzaye yake, akwai tsohon harshen Misira na zamanin Fir'auna wanda ragowarsa ita ce Kibɗanci da ake addu'a da shi a cocin Kibɗawa, akwai na su Somali da Oromo, akwai wani ƙaramin rukuni a kudu maso yammacin Habasha da ake kira Omotik, sai namu, Cadi, da aka sa wa sunan tafkin Cadi. Biyar daga cikin shidan nan a Afirka kaɗai suke, wannan ma kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake tunani kan wa ya fito daga ina.

Muna cikin haka muka shiga Potiskum, aka tsaya sallah da cin abinci. Wani saurayi da ke kusa da ni a baya wanda tun Kano bai ce uffan ba sai ya amsa waya da wani yare, da ya gama nace ɗan uwa wane yare ne wannan, yace Bolanci. Nace don Allah ya ake cewa huɗu? Yace foɗɗo. Na kalli Malam, nace ka ji ko, huɗu, da wasu Hausawan ke cewa fuɗu. Ruwa fa? Yace amma. Buzu yana cewa aman, Balarabe yana cewa ma'u, mu ne ma muka yar da tamu muka kama ruwa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi duk da na san abin a takarda, ji da kunne daban ne. Garin Potiskum ɗin nan da kewayensa cike yake da 'yan uwan Hausa na jini, Bolewa, Ngizim, Karekare, Ngamo, can arewa wajen Gashuwa ga Bade. Ka gangara Gombe ga Tangale da Tera, ka hau Filato ga Angas da Mwaghavul da Ron, Borno da Adamawa ga Bura da Margi da Kilba da Bacama, har cikin Kamaru da Cadi ga Kotoko da Masa da Musgu. Harsunan Cadi sun haura 150, Hausa ɗaya ce kawai a cikinsu da Allah Ya ɗaukaka, kuma mafi kusa da ita duka shi ne Gwandara na wajen Nasarawa da Abuja.

Abin da ya fi ba mutanen motar mamaki shi ne maganar Fulatanci. Muna ta cewa Hausa-Fulani kamar abu ɗaya, an yi auratayya an cakuɗe ba mai iya rabawa, amma a wajen harshe Fulatanci ba ya gidanmu sam. Gidan Neja-Kongo yake, tare da Yarabanci da Ibo da Tibi da Nupanci da Swahili da Zulu, makusantansa kuma suna can Senegal, Serer da Wolof. Shi Fulatanci ba ruwansa da namiji da mace irin namu na ya da ta, rukuni-rukuni yake kasa sunaye sama da 20, shi ya sa za ka ji Pullo ɗaya Fulɓe da yawa, kamar yadda mai Swahili zai ce mtu da watu. Wannan gida shi ya fi kowanne yawan harsuna a duniya, wajen 1,500, kuma harsunan Bantu da suka mamaye tsakiya da gabashi da kudancin Afirka daga kan iyakar Najeriya da Kamaru suka bazu. Barbarci kuma, harshen Barebarin Borno, gida na uku ne daban, Nilo-Sahara. Kenan a cikin motar nan tamu mai cin mutum goma sha wani abu, manyan gidaje uku na harsunan Afirka ne a zaune ana ta rabon gyaɗa da rake.

Wanda ya tsara rabon nan da ake koyarwa yau wani Ba'amurke ne, Joseph Greenberg, a 1963, ya kasa harsunan Afirka gida huɗu, na huɗun shi ne Khoisan na kudancin Afirka masu ƙyas-ƙyas da harshe. Kuma mutumin nan ya zauna a ƙasar Kano wajen 1938 zuwa 1939 yana bincike a cikin Maguzawa, ya san Hausa ba labari ya ji ba. Kafin shi wani Bajamushe Carl Meinhof ya cusa Fulatanci cikin wani rukuni wai Hamitik, da ka duba sai ka ga launin fata da kiwon shanu sun yi tasiri a lissafin fiye da harshen kansa, irin tunanin Turawan wancan zamani. Greenberg ya rushe wannan. Shi ma dai ba a bar shi haka ba, masana yanzu ba su yarda Khoisan gida ɗaya ba ne, kuma ana ta ja-in-ja kan Nilo-Sahara musamman inda za a ajiye Zabarmanci da sauran harsunan Songhai.

Irin ruɗanin Malam ba mu kaɗai muke yinsa ba. Farisanci da harafin Larabci ake rubuta shi, cike yake da kalmomin Larabci fiye ma da Hausa, amma ɗan uwan Turanci ne, uwa madar, ɗan uwa baradar, kai da ji ka san inda aka dosa. Gidansu Indo-Turai, da Hindi da Urdu da Rashanci da Faransanci da Girkanci duk a ciki, kusan rabin mutanen duniya harshen wannan gidan suke yi. Wani alƙalin Ingila a Kalkata, William Jones, shi ya yi shelar kamannin Sanskrit, tsohon harshen Indiya, da Girkanci da Latin a 1786, daga nan ilimin ya kankama. Turkanci shi ma da harafin Larabci ake rubuta shi har 1928, kuma ba ya da dangantaka da Larabci, 'yan uwansa su ne Uzbek da Kazak. Masu kallon fassarar finafinan Indiya ma su sani, yawancin na kudu masu dukan mutum ya tashi sama da Telugu ko Tamil aka yi su, gidan Dirabidiya, ba dangin Hindi ba ne ko kaɗan. Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne Madagaska, tsibiri a gefen Mozambik, amma harshensu danginsa na can tsibirin Borneo a Indunusiya, mutane ne suka keto teku a kwale-kwale. Akwai kuma marayu da ba a gano musu dangi ba, kamar Basque a tsakanin Sifen da Faransa. Duniya tana da harsuna kusan 7,000, Papua New Guinea kaɗai sama da 800, Najeriya sama da 500.

Da muka koma mota na ci gaba da hira da saurayin nan, nace ƙannenka suna jin Bolancin? Ya yi 'yar dariya yace suna ji amma da Hausa suke mayar da amsa, 'ya'yan yayarsa kuwa da aka haifa a Kano ko gaisuwa ba su iya ba. Wannan ya tsaya min a rai, don mu muna alfahari Hausa ta kai Kumasi ta kai Sudan, gaskiya ne kuma ni ma ina alfaharin, amma waɗanda take haɗiyewa da farko su ne 'yan ɗakinsu, a Bauci da Yobe da Gombe ƙananan harsunan Cadi da yawa tsofaffi kaɗai suka rage masu yinsu.

Malam dai bai sallama ba. Muna dab da Damaturu ya juyo yace to yaro, duk surutun nan naka ai ka dawo kan maganata, akwai dangantaka ko babu? Nace akwai Malam, amma. Yace ba amma, miƙo min ruwan nan. Saurayin ya fashe da dariya ya miƙa masa gorar, yace Baba ai ka faɗa da yarenmu.