Kada ka shiga fili da hukunci a aljihunka

Ƙannena masu sha'awar riƙe usur, da ku masu shirin riƙe alli, maganata da ku ɗaya ce, domin na taɓa haɗa biyun. Na daɗe ina koyar da ilimin halayyar ɗalibi ga masu neman zama malamai a wata kwalejin ilimi, Asabar da Lahadi kuma in yi alkalancin ƙwallo a wasannin matasa. Haɗin ba baƙo ba ne. Ken Aston, Baturen Ingila da ya kawo shawarar katin gargaɗi da jan kati, waɗanda aka fara aiki da su a gasar kofin duniya ta 1970 a Meziko, hedimastan firamare ne.

Akwai darasin da nake ji da shi a aji. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a wata firamare a Kalifoniya. Sun miƙa wa malamai sunayen wasu yara, suka ce gwaji ya nuna waɗannan za su yi zarra bana, alhali tsintar sunayen kawai aka yi. Da shekara ta ƙare, yaran nan sun fi sauran ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. Masana sun yi ta ja-in-ja kan girman tasirin, amma tushen maganar ya zauna: abin da malami ya ƙudurta game da yaro yana fitowa a muryarsa da kallonsa, har da irin haƙurin da yake yi kafin yaron ya ba da amsa.

Na koyar da wannan har na haddace shi, amma bai hana ni aikata shi a fili ba.

Kafin wani wasa, ina ɗaure takalmi, wani abokin aiki ya ce mini, "Malam, ka sa ido kan mai lamba biyar ɗin nan, ƙeta gare shi." Shi ke nan, na shiga da yaron a raina. Ba a yi nisa ba ya zame ya kwashe ƙwallo daga ƙafar ɗan gaba, wancan ya faɗi yana birgima cikin ƙura. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya kai aljihu. Yaron bai yi gardama ba. Ya tsaya yana haki, gwiwarsa a goge, ya ce, "Malam, wallahi ƙwallo na taɓa." Da aka tafi hutun rabin lokaci mai ɗaga tuta ya tabbatar mini gaskiyarsa ce. Sunan da aka laƙaba masa na hukunta, ba abin da idona ya gani ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni. Bayan an dawo, ɗan gaban ƙungiyarsu ya faɗi a da'irar mai tsaron gida, taɓawar ba ta taka kara ta karya ba, na busa fenariti. Na san dalilina tun usur na bakina: so nake in wanke kaina. Tamkar wanda ake bi bashi ne ya ɗebi kuɗin maƙwabci ya biya. Katin yaron yana nan bai goge ba, ga kuma wata ƙungiyar da ba ruwanta na zalunta.

To ku ji. Doka ta 5 cikin dokokin ƙwallo 17 ta ba alkali damar janye hukuncinsa muddin ba a ci gaba da wasa ba. Ku yi amfani da wannan tazara. Ku dubi mataimakinku, ku kira shi in da hali, ba faɗuwar girma ba ne. In kuwa an riga an ci gaba, hukuncin ya wuce, kada na gaba ya ɗauki nauyinsa. Bayan an tashi ku samu ɗan wasan nesa da jama'a ku gaya masa gaskiya. Ni girman kai ya hana ni zuwa wurin yaron nan, kuma har yau abin yana damuna.

Sai hayaniyar 'yan kallo. Kada wani ya ce shi ba ta taɓa shi. A 2002 Alan Nevill da abokan aikinsa a Ingila suka nuna wa alkalan wasa bidiyon wasa ɗaya, wasu da ihun 'yan kallo, wasu shiru. Waɗanda suka ji ihun sun fi sassauta wa masu masaukin baƙi. Wannan fa a ɗaki ke nan, gaban talabijin, balle filayenmu da ba shinge, inda mutane ke tsaye a bakin layi suna kiran sunanka. Maganinta ƙafa ce. Ka motsa jiki ka iya gudu, ka kasance kusa da inda abin ya faru, ta kusurwar da ba wanda ya tare ka. Alkalin da ya gani da kyau ba ya neman taimakon kunnensa.

Ku masu shiga aji, ɗakin malamai ne inda ake ce muku ku sa ido kan mai lamba biyar. Ranar farko za a lissafa muku wane dakiki ne, wance ba ta ji. Ku saurara don ladabi, amma ku ba kowane yaro 'yan makonni ku gan shi da kanku. Bayan wasan nan na koma kan takardun jarrabawar da na riga na yi wa maki, na tarar na matse wa wani ɗalibi mai zama a baya hannu, a kan amsar da na ba wata 'yar gaban aji cikakken maki. Tun daga nan nake naɗe sunan kafin in buɗe takarda, in kuma bi tambaya ta ɗaya a duk takardun kafin in wuce ta biyu. Yana cin lokaci, musamman in ajin babba ne, don haka ku fara makin da wuri, kada ku bari sai daren da za a karɓi sakamako.