Abin da aiki a kan tuji ya koya min

Duk wanda ya taso a unguwar Gangare ko Rikkos a Jos ya san tuji ko da bai taɓa tsayawa ya kalle shi ba, shi ne ciyawan nan da ke kwanciya a bakin hanya da gefen kwata, wanda in ka sa hannu za ka tuge shi sai ganyen ya tsinke maka a hannu saiwar tana nan daram. A kansa na yi furojek ɗina na shekarar ƙarshe a nazarin tsirrai nan Jos, kuma wallahi abin da na tsinta a wannan aikin ya fi zauna min a kai fiye da kwasa-kwasai da yawa da muka yi a aji.

A littafi Eleusine indica ake ce masa, masanin tsirrai Linnaeus ne ya fara rubuta shi a 1753, daga baya wani masanin tsirrai Gaertner ya ba shi wannan sunan a 1788. Damina ɗaya yake rayuwa, ya fito ya yi iri ya mutu. Karansa a danne yake, gindin fari-fari, yawanci bai cika wuce gwiwa ba, kan kuma yatsu ne biyu zuwa bakwai haka, sau da yawa za ka ga yatsa ɗaya ya sauko ƙasa da sauran shi kaɗai. Da wannan yatsan muke raba shi da guɗe-guɗe mai gajerun yatsu masu kauri da duk suke fitowa wuri ɗaya, ita kuma harkiya nata sirara ne sosai.

Babban abin da na koya dai shi ne duba ƙasa kafin duba ciyawa. Malamin da ya kula da aikina bai yarda ka kawo masa tsiro a leda ba tare da ka rubuta inda ka cire shi ba, ƙasar tauri ce ko laushi, akwai inuwa ko babu, me ke bi ta wajen. Da na bi wannan tsarin sai abin ya fito fili, tuji na cike a filin ƙwallo, bakin tasha, hanyar shanu, bayan rumfunan Farin Gada inda ake sauke kaya, amma ka shiga cikin gamba mai duhu ko ƙarƙashin bishiya da ƙyar ka ga ɗaya. Dalilin kuwa irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai suna kusa da saman ƙasa suna samun haske da canjin zafin rana da sanyin dare suke tsira da kyau, shi kansa kuma mai son rana ne irin su dawa da gero da masara, inuwa ce ke kashe shi, takawa kam ba ta dame shi ba. To inda ƙafa ta dabe ƙasa sauran ciyayi suka kasa, nan yake samun fili. Yanzu in na shiga gona na ga tuji ya mamaye wani lungu, tambayar farko da nake yi wa mai gonar ita ce me ke wucewa ta nan, kuma kusan kullum akwai amsa, ko shanu ko tarakta ko masu yanke hanya.

Asalinsa ƙasashe masu zafi ne na Afirka da Asiya, amma yau yana Amurka, Brazil, Ostireliya har kudancin Turai, yana hawa tudu har wajen mita 2,000 saboda haka tsayin Jos na mita 1,200 da ɗoriya ba komai ba ne a wajensa. A wani sanannen jeri na ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya da aka fitar a 1977 shi ne na biyar, aya-aya ce ta ɗaya. A Malesiya kuma tun ƙarshen shekarun 1990 aka samu tujin da maganin feshi na gilaifoset ya daina kashewa, saboda an yi ta fesa abu ɗaya shekara da shekaru. Wannan ya dame ni gaskiya, don mu ma nan haka muke yi, magani ɗaya kowace damina, alhali tun yana ƙarami fartanya na gamawa da shi kafin saiwar ta kama.

Inda aikin ya fi taɓa ni shi ne maganar tamba. Wannan tambar da muke shan kununta a Filato da kudancin Kaduna 'yar'uwar tuji ce ta jini, tuji na da kuromosom 18, wato zaren da ke ɗauke da halayen gado a cikin ƙwayar halitta, tamba na da 36, kuma bincike ya nuna rabin nata daga wajen tuji ya fito, tun kafin a fara nomanta a tsaunukan gabashin Afirka wajen Habasha da Yuganda. Ni dai tun da na san haka na daina ganinsa a matsayin shara kawai, duk mai son gyara irin tamba ya jure wahala dole wata rana ya waiwayi danginta na daji. Amma zumuncin nan shi ne kuma ciwon kan manomi, suna ƙanana ba ka iya raba su da ido sai wanda ya daɗe a harkar, sannan cutar da ke ƙona kan tamba tana iya zama a jikin tuji ta jira wata damina. Shi ya sa duk manomin tamba da ya tambaye ni nake ce masa ya bar watsa iri ya koma shuka a layi, duk abin da ya fito tsakanin layi ya san ba nasa ba ne ya nome shi, gefen gonar ma kar ya bar tuji ya kai ga yin kai.