Saura kwana 16 Auta ta tafi Morishus

Talata, bayan sallar isha'i.

Sai yau na fara jin tafiyar nan a jikina. Tun da takardar makarantar Auta ta zo, hankalina yana kan kuɗin jirgi da na ɗakin kwana, zancen lafiya kuwa ban ba shi muhimmanci ba. Cewa nake a raina, yarinyar da ta tashi a Kano, ta sha zafin bazara, ta sha zazzaɓin cizon sauro ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, wane zafi ko wane sauro ne zai tsorata ta a wani ɗan tsibiri da ke gabas da Madagaska? Ashe ban san dawar garin ba.

Da sassafe muka fita cikin hazo, kowa da rigar sanyi, zuwa wurin allurar shawara. Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar ta ɗago ta dube ni ta ce, "Hajiya, yaushe ne tafiyar?" Na faɗa mata. Ta ce Allah ya taimake mu mun zo a kan lokaci, domin katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10 a jiki. Gabana ya faɗi, don da nufina sai mako mai zuwa. Abin daɗin shi ne tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Can Morishus ba su da shawara, ba sa kuma so a kai musu, shi ya sa duk wanda ya fito daga ƙasa irin tamu sai ya nuna ɗan katin nan mai ruwan ɗorawa.

Daga nan muka biya wajen likitan da ke duba mu tun Auta tana goye. Na tambaye shi wane maganin zazzaɓi za ta riƙa sha don kada ta kamu a can. Ya yi murmushi ya ce ai su ne ke tsoron ta kai musu. Na je na karanta da kaina bayan mun dawo. A 1867 zazzaɓin cizon sauro ya kashe dubban mutane a tsibirin. Suka yi ta yaƙi da shi har aka tabbatar sun rabu da shi a 1973, ya sake dawowa bayan wata guguwa a 1975, suka sake korar sa. Don haka har yau ma'aikatan lafiyarsu kan bi sawun baƙon da ya zo daga ƙasar da ake zazzaɓin, su ɗebi jininsa su auna. Na ji wani abu ya tsaya mini a rai. Ciwon da muka mayar ɗan gida, har muke cewa "ɗan zazzaɓi ne kawai", wasu sun iya sun kore shi daga ƙasarsu, suna kuma gadin ƙofa.

Sauron da ya ce ta ji tsoro daban ne da namu na dare. Baƙi ne mai ratsin fari, da rana yake cizo, musamman da safe da la'asar, don haka gidan sauro kaɗai ba ya wadatarwa. Shi ke kawo zazzaɓin dengi da cikungunya, wadda ta kwantar da mutane da yawa a can a 2005 da 2006. Ya ja kunnenta sosai: in zazzaɓi ya kama ta da ciwon gaɓoɓi, farasitamol kawai za ta sha ta nufi asibiti, ban da asfirin, ban da ibuprofen, domin suna iya jawo zubar jini ga mai dengi. Auta ta kalle ni, na kalle ta. Ibuprofen ne abin da take sha duk wata saboda ciwon mara, yana ma cikin jakar hannunta.

A kemis mun sayi man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET, da gishirin gudawa, da abin shaƙarta na asma guda uku. Likita ya rubuta mata takarda da sunan kowane magani, ya ce a bar su cikin kwalayensu.

Da la'asar Hajiyarmu ta zo da ƙullin garin magani a farar leda, na sanyi da na shawara, wai a saka wa kishiyarta a akwati. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, gari ne marar suna, ƙasar kuma ba ta wasa da zancen ƙwaya. In suka buɗe a filin jirgi, me yarinyar nan za ta ce musu?" Ta yi shiru, ta daɗe tana juya ƙullin a hannu. Can ta mayar da shi cikin mayafinta, ta kama kan Auta ta yi ta tofa mata addu'a. Sai da na tashi na shiga ɗaki don kada su ga hawayena.

Abin da ya hana ni sukuni dai ruwa ne. Auta ba ta iya iyo ba, ba ta taɓa ganin teku ba. Mafi yawan gaɓar tsibirin murjani ya kewaye ta, ruwan ya kwanta luf kamar tafki, amma a kudu, wajen Gris Gris, babu wannan katangar, igiyar ruwa kai tsaye take dukan duwatsu. Ko a inda ya kwanta ɗin akwai wani kifi mai kama da dutse, mai dafi a ƙayar bayansa. Na sa ta yi mini alkawari ba za ta shiga ruwa ita kaɗai ba, ba kuma ƙafa ba takalmi ba.

Ga shi kuma a Janairu za ta sauka, lokacin da muke ɗari su suke tsakiyar zafi da guguwa. A Janairun 2024 ne guguwar Belal ta cika titunan Fot Luwi, babban birninsu, da ruwa har yana jan motoci. Gargaɗinsu na guguwa hawa huɗu ne. Babanta ya ce mata da an sanar da na farko ta tanadi ruwan sha da burodi da tocila, ta cika wayarta da caji. Ya ƙara da cewa a hannun hagu suke tuƙi, don haka dama za ta fara dubawa kafin ta tsallaka titi. Ya rubuta mata 999 na 'yan sanda da 114 na motar asibiti a bayan takardar inshora.

Yanzu tana kwance, hannun allurar ya ɗan yi tsami, jikin da ɗumi kaɗan, an dai ce mana hakan kan faru. Na saka katin cikin fasfo na ɗaure su da roba. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, awon jini.